Yabon Masu Bincike: Ina Rabon Anka da Gummi da Bukkuyum?

A cikin watan Janairu na shekarar 2025 Majalisar Masanan Kimiyya ta Nijeriya ta damƙa ragamar shugabancinta a hannun Farfesa Abubakar Sani Sambo, mutumin Zariya, wanda ya karɓa daga Farfesa Ekanem Braide, mace ta farko da ta taɓa riƙe wannan kujera. Mu mutanen tsohon Lardin Sakkwato ba baƙonmu ba ne, gama ya yi shekaru yana shugabancin cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kafin ya tafi Bauci ya shugabanci Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, daga baya kuma ya riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Labari ne mai daɗin ji. Amma mun lura da cewa cikin malaman makaranta da malaman ofis na ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, da yawa sun ji shi ne kamar labarin wata ƙasa, wadda babu abin da ya haɗa su da ita. Dalilin wannan rubutu shi ne mu nuna cewa lalle akwai abin da ya haɗa mu da ita, kuma abin nan har ya taɓa rayukan 'ya'yanmu.

Mece ce wannan majalisa?

Ya kamata mu fara bayyana ko mece ce majalisar, domin wanda bai san tushen magana ba ba ya jin daɗin reshenta. An kafa ta a shekarar 1977. Ba makaranta ba ce da a ke shiga da jarrabawa, kuma ba ma'aikatar Gwamnati ba ce. Taron manyan masana ne, likitoci da injiniyoyi da masana lissafi da masana aikin gona da sauransu, waɗanda su da kansu su ke duba aikin ɗan'uwansu, in sun ga ya isa su zaɓe shi ya zama ɗayansu. Wanda aka zaɓa ya kan ƙara haruffa uku, watau FAS, a bayan sunansa. Ban da zaɓen sababbin 'ya'ya, majalisar ta kan ba Gwamnati shawara a kan al'amuran da su ke bukatar sani, kamar annoba da abinci da ilmin yara.

Wannan al'ada ba mu muka fara ta ba. A Ingila an kafa irin wannan majalisa, wadda a ke kira Royal Society, tun a 1660, Faransa kuwa ta kafa tata a 1666. Ta Afirka baki ɗaya an kafa ta a 1985, mazauninta yana Nairobi. A nan gida kuma akwai wata majalisa ta masana harsuna da adabi da tarihi, sa'an nan akwai lambar cancanta ta ƙasa, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1979 domin waɗanda suka yi fice wajen aikin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma kyautar kimiyya da kamfanin iskar gas na NLNG ya fara bayarwa a 2004, wadda daga baya ta kai dala 100,000, kuma an sha samun shekarar da alƙalanta suka ce babu aikin da ya isa, suka hana kowa.

Wani zai ce, to mene ne amfanin duk wannan? Masani ai albashinsa ya ke ci, don me za a ƙara masa da kirari? Amsa ita ce, yabon gwani ya zama dole, kuma amfaninsa bai tsaya ga gwanin kaɗai ba. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya san cewa abin da ya yaba ranar Litinin shi yara za su yi ta yi har Jumma'a. In ya yabi mai tsabtar littafi, littattafai za su yi tsabta. In ya yabi mai hayaniya, to ya sayi hayaniya da kuɗinsa. Haka ƙasa ta ke. Abin da manyan masananta suka ɗaga suka ce wannan shi ne aiki, shi samarin jami'o'i za su sa a gaba. Saboda haka ma'aunin da a ke auna yabo da shi ya shafi kowa, har manomin da bai taɓa jin sunan majalisar ba.

Abin da ya faru a 2010

Yanzu bari mu komo gida, mu duba wani bincike da aka yi a ƙofar ɗakinmu. Wajen shekarar 2009 kuɗin zinariya ya hau ƙwarai a kasuwannin duniya, har oza ɗaya ta wuce dala 1,000. Mutanen ƙauyukanmu, waɗanda noma ba ya kai su ƙarshen shekara, suka dukufa wajen haƙo duwatsu masu zinariya. Su kan kawo su cikin gari, a farfasa, a niƙa da injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya, sau da yawa ma a tsakar gida inda mata ke girki yara na rarrafe. Abin da ba su sani ba shi ne, dutsen nan cike ya ke da dalma. Ƙurar ta kwanta a ƙasa da kwanuka da hatsin da aka shanya, yaro kuwa kome ya taɓa sai ya kai baki.

Aka fara ganin agwagi suna mutuwa, ba wanda ya kula. Sa'an nan yara ƙanana suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, su suma, su cika. Aka zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, aka ba da maganinsu, bai yi ba. A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda ke zagayen neman masu sanƙarau, suka ga yawan sababbin kaburburan yara ya wuce hankali. Aka ɗebi jini aka aika da shi Turai, amsa ta dawo cewa gubar dalma ce.

Daga nan masu bincike suka shigo. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ta Jihar Zamfara, da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka haɗa hannu. A watannin Mayu da Yuni suka bi ƙauyuka biyu gida gida, Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Abin da suka ƙidaya ya isa ya sa mai karatu ya ajiye jarida ya yi shiru. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin yara 204 da aka auna jininsu, babu ko ɗaya da ya kuɓuta, kuma 198 daga cikinsu dalmar da ke jininsu ta kai ko ta wuce 45 a ma'aunin likitoci, iyakar da in an kai ta sai an ba da maganin fitar da guba. A waɗansu wurare an sami dalma a cikin ƙasa fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali abin da Amurka ta yarda da shi a tsakar gida a lokacin kashi 400 ne kawai. An ƙiyasta cewa yaran da suka rasu duka ba su kasa 400 ba.

Binciken bai tsaya ga ƙidayar gawa ba. Masana duwatsu na Amurka sun gano cewa dalmar da ke cikin dutsen ta daɗe tana shan ruwa da iska a ƙarƙashin ƙasa, har ta juye ta zama iri mai saurin narkewa a cikin cikin ɗan Adam, shi ya sa ta yi wannan mugun kisa. Likitoci suka ba yara wani magani na sha mai kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, suka rubuta yadda kowane yaro ya yi, har a 2014 suka buga bayanin zagayen magani 3,180, abin da ya zama abin koyi ga likitocin duniya. Injiniyoyin kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith kuma suka nuna cewa magani banza ne in yaro zai koma gidan da gubar ta ke. Saboda haka aka ɗauki mutanen ƙauyukan da kansu, da fartanya da shebur da baro, suka kankare fuskar ƙasa ta kowane gida, aka kai ta rami aka binne, aka zubo sabuwa. Haka aka yi wa ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, cikinsu har da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su duka girma, sai da ta jira har 2013, bayan an yi ta kiraye-kiraye kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi. Mutuwar yara ta ragu ƙwarai. Da irin wannan masifa ta sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja a 2015, da ilmin da aka samo a Zamfara aka tare ta. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha, bayan ta yi wa dubban yara magani.

Wa aka yaba?

A shekarar 2011 an ba MSF da Blacksmith da TerraGraphics wata lambar yabo ta duniya da a ke kira Green Star, wadda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke da hannu a cikinta. Sun cancanta, kuma yaba kyauta tukwici. Ba mu da wata magana a kansu sai godiya. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rahoton nan na Dareta da 'Yargalma da aka buga a 2012, kusan rabin sunayen da ke kansa na 'yan Nijeriya ne, cikinsu har da Dokta Nasir Sani Gwarzo. A bayan waɗannan kuma akwai waɗanda sunansu bai hau kowace takarda ba: ma'aikatan jinya da suka kwana da yara a asibitocin Anka da Bukkuyum, da malaman tsabta, da tafintoci, da dagatai da limamai da suka shawo kan magidanta har suka yarda baƙi su shiga tsakar gidansu, da samarin da suka koyi riƙe na'urar auna ƙasa.

A nan ne maganarmu ta ke. Yawanci ma'aunin da majalisun masana ke aiki da shi a ko'ina cikin duniya shi ne yawan abin da mutum ya buga a mujallun ilmi, da yawan waɗanda suka ambaci aikinsa, da ɗaliban da ya yaye. Ma'auni ne mai kyau, amma yana da rami. Ya fi ganin wanda ke zaune kusa da ɗakin gwaji da wutar lantarki, ya kan tsallake wanda ya yi wata uku a ƙauye yana bin gida gida, wanda sunansa zai zo na tara ko na goma a jerin marubuta. In samarinmu masu ƙwaƙwalwa suka lura cewa aikin ƙauye ba ya kai mutum ko'ina, to ba za su zo ba. Ran da wata masifa ta sake tasowa, sai mu koma jiran baƙo ya zo daga Turai ya gaya mana abin da ke kashe 'ya'yanmu.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce a sassauta ma'auni ba, kuma ba mu roƙi a raba kujerun majalisa jiha jiha kamar yadda a ke raba muƙaman siyasa ba. Ran da aka fara haka, ran nan lambar ta zama tsumma. Alƙalan da su ke iya cewa bana babu wanda ya isa, su ne su ke sa kyautar ta yi daraja a shekarar da aka bayar. Abin da mu ke nema shi ne a faɗaɗa abin da a ke aunawa, a riƙa tambaya: wannan bincike, rai nawa ya ceta, cikin wa ya cika, wace ƙasa ya gyara?

Ƙasar nan ma ta taɓa yin haka. Cikin mutanen farko da aka ba lambar cancanta ta ƙasa a 1979 akwai Alhaji Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, wanda da Hausa ya yi aikinsa, aka jera shi da Chinua Achebe. A 1980 aka ba Ladi Kwali, maginiyar tukwane, wadda ba ta yi karatun boko ba, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Waɗanda suka yi wannan zaɓe sun duba aiki ne, ba su tsaya ga takardar shaida ba, darajar lambar kuwa ba ta ragu da ko anini ba.

Ƙasarmu ba baƙuwar ilmi ba ce

Wanda ya ji labarin dalma kaɗai zai zaci yammacin Zamfara wurin da a ke zuwa a yi bincike a kansa ne kurum. Tarihi bai ce haka ba. Garin Gummi ne ya haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, wanda ya fassara Alƙur'ani mai girma da Hausa, aka kuma ba shi lambar Sarki Faisal a ƙasar Makka a 1987. A Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, wani Bajamushe mai suna Kurt Krieger ya zauna ya tattara tarihin Zamfara daga bakin dattawa, ya buga shi a Balin a 1959. Littafin da sunansa ya fita, amma ilmin na dattawan Anka ne. Daga baya Dokta Garba Nadama, wanda ya zama Gwamnan Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Ashe iri yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ruwa da taki.

Dole kuma mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Majalisar masana ba ta iya zaɓen wanda babu shi. Farfesan da za a yaba nan da shekara talatin, yau yana aji uku na firamare. In ajin nan ba shi da malamin lissafi, ko an rufe makarantar saboda 'yan bindiga, kamar yadda aka rufe makarantun jihar nan a 2021, shekarar da aka sace 'yan matan Jangebe, to tun yau an cire sunansa daga jerin. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Dalma ba kisa kaɗai ta ke yi ba, ta kan taɓa ƙwaƙwalwar yaron da ya rayu, ta rage masa saurin fahimta, ɓarnar kuwa ba ta cika gyaruwa ba. Jariran 2010 yanzu sun zama samari da 'yan mata. Malamin da ya ga ɗayansu yana jan ƙafa a karatu, ya tuna da wannan kafin ya ɗaga murya.

Abin da ya rage gare mu

Ga manyan masana, roƙonmu uku ne. Na farko, a keɓe yabo na musamman ga binciken da aka yi a karkara wanda amfaninsa ya bayyana, a kuma yabi ƙungiyar da ta yi shi gaba ɗaya, har da ƙananan ma'aikata. Na biyu, duk binciken da aka yi a kan mutane a mayar musu da sakamakonsa cikin harshen da su ke ji. Ba daidai ba ne uwar da aka ɗebi jinin ɗanta ta zama ita ce ta ƙarshen jin abin da aka gano. Na uku, a jawo Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilmi ta Maru, cikin manyan ayyuka, domin tambayoyi suna nan jibge. An hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, aka ɗage hanin a ƙarshen 2024, saboda haka maganar yadda za a niƙa dutse a jiƙe, nesa da gida, ba ta mutu ba. Ambaliyar da ta ci Gummi a watan Agusta na 2024 ita ma tana neman wanda zai auna ya faɗi inda ya kamata a yi gini da inda bai kamata ba.

Ga malaman ofis kuwa, ku sani bincike da rajista ya ke farawa. A zamanin En'e malamin dagaci da malamin asibiti su kan rubuta haihuwa da mutuwa, a aika wa hakimi. Da a ce a 2010 akwai littafi a kowane ƙauye da a ke cikawa kullum, da kuma mai duba shi kowane mako, da wuya a ce yara sun yi ta mutuwa haka kafin labari ya kai Gusau. Wanda ya cika rajista da gaskiya, bai ƙara ba bai rage ba, ya aza tubalin farko na kowane bincike, ko da ba a taɓa kiran sunansa a taro ba.

Ga 'yan'uwanmu malaman makaranta, namu ya fi na kowa nauyi. Mu koya wa yara su duba, su ƙidaya, su rubuta, su tambayi dalili. Ba sai da ɗakin gwaji ba. Gwangwani da ma'aunin katako sun isa a auna ruwan sama na damina guda. Mu ba su labarin Dareta da Bagega yadda ya faru, su san cewa agwagwa ta yi gargaɗi ba a ji ba, su kuma san cewa awo da lissafi ne suka tsai da mutuwar. Sa'an nan ranar rabon sakamako, in mun kira wanda ya zo na ɗaya, mu kira kuma wanda ya fi kowa lura da tambaya, mu yaba masa gaban iyayensa da hakimi. Majalisar masana ta farko da yaro zai sani ita ce wannan.

Muna taya Farfesa Sambo da 'yan majalisarsa murna, muna kuma fatan Allah ya nuna mana ranar da za a kira sunan ɗan Anka ko 'yar Bukkuyum ko ɗan Gummi a wannan zaure, saboda aikin da ya yi wa mutanensa. Allah ya ji ƙan yaran da suka rasu, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.